Kafin Ka Tashi, Ka Je Lambara

Bodinga,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga mai sunan Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, ina roƙon Allah Ya sa tafiyar da ke gabanka ta zama alheri gare ka da mu baki ɗaya. Allah Ya kai ka Koriya lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin baƙunci.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Mahaifiyarka ma da na ce mata ita za ta miƙa maka, sai da ta yi dariya, ta ce aika wasiƙa cikin gida ɗaya sai gidan 'yan boko. To, yaya zan yi? Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, ba na iya kiransa. Na yi shekara da shekaru ina tsayawa gaban ɗalibai bakina bai taɓa yin nauyi ba, amma in na zauna da kai, daga "an tashi lafiya" sai "Allah Ya yi albarka", magana ta ƙare. Haka muka tashi, kuma duk yawon da na yi a duniya bai cire mini wannan kunya ba.

Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Na ga ka zaga dangi kana sallama, kamar yadda ya kamata ga mai tafiya nesa. Ka je Danchadi wurin kawunnanka, ka hau babur har Kajiji don gwaggonka ta sa maka albarka. Lambara kaɗai ka tsallake, inda Yaya Dikko yake, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ka tun daga yaye har ka gama firamare. Jirginka mako mai zuwa ne, kuma digirin digirgir ba karatun wata biyu ba ne. Yaya Dikko ya tsufa, ƙafarsa ta kumbura, idonsa ya yi rauni. Ban san gaibu ba, amma na ga yadda yake dafa bango kafin ya miƙe. Ina so ka je ka yi masa sallama kafin ka tashi, don ina tsoron ka dawo ka tarar babu shi.

Mahaifiyarka ta ce ka gaya mata saboda ni ne ba za ka je ba, wai ba ka taka gidan da aka wulaƙanta ubanka. Na gode da kishi. Amma tunda hanyar da na bi ka zaɓa, kishin ƙasa da siyasar Gabashin Asiya, fannin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa, bari in gaya maka inda na yi tuntuɓe a cikinta, sannan ka auna ko ubanka ya cancanci a yanke zumunta dominsa.

Ka fara sanin cewa fannin nan hanya ce ta kaɗaici. Da na dawo daga Japan na kama koyarwa a jami'a, "Dakta Japan" ake kirana, kuma ba don girmamawa ba. Mutanen garin nan sun ɗauka gyaran rediyo na je koyo. Akwai wanda ya turo babur har ƙofar gidan nan, ya ce tunda can aka ƙera shi, in duba masa abin da ke ƙara a ciki. A jami'a kuwa, abokan aiki masu nazarin siyasar gida su ake kira taro, su ake ji a rediyo, ni ina ofis da ɗalibai 'yan ƙalilan muna maganar wani tsibiri da ko a taswira sai an ƙura ido. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, kuma ya sa mini wata yunwa ta a san na sani. Duk inda aka tambaye ni abu, ko da wasa ne, sai in kwance kaya gaba ɗaya. Ka kiyayi wannan yunwar tun yanzu, don ita ce ta ja mini abin da ya fi yi mini ciwo a rayuwa.

Tuntuɓena na farko a Koriya na yi shi, ƙasar da za ka. Daga Japan aka tura ni can bincike, lokacin kana Lambara kana koyon magana. Na kama ɗaki a gidan wani tsoho mai fara'a, wanda kullum da safe yake ajiye mini butar shayin sha'ir a bakin ƙofa. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Koriyanci, sai nuni da murmushi. Wata rana aka ce mini tsofaffin ƙasar duk suna jin Japananci. Murna ta kama ni, ga harshen da na sha wahalar koyo zai yi rana. Washegari na tare shi a tsakar gida, na rusuna, na zuba masa gaisuwa da Japananci mai kyau, irin ta girmama manya. Ya tsaya yana kallona, fuskarsa ta canza, ya juya ya shige ɗaki. Daga ranar babu buta a ƙofata.

'Yarsa ce ta yi mini bayani daga baya. Lokacin da Japan ke mulkin ƙasarsu yana ɗan makaranta, an hana su harshen iyayensu, an sa musu sunayen da ba nasu ba, kuma ya sha bulala a kan kalmar Koriyanci da ta suɓuce masa a aji. Abin takaicin shi ne duk na san wannan. Na karanta shi, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ke cikin littafi shi ne ke ajiye mini shayi da safe ba. Sai da na yi watanni ina gaishe shi da gurɓataccen Koriyanci, yana wucewa, kafin wata safiya ya tsaya ya gyara mini furucin wata kalma. Don haka in ka isa, ka sa kunne kafin baki. Akwai teku da tsibirin da kowace ƙasa ke kira da nata suna, kuma sunan da ka furta shi zai gaya musu gefen da ka tsaya, ko da kai ba ka nufi komai ba. Kafin ka yi wa tsoho tambayar bincike, ka fara sanin abin da ya sha a kan amsar.

Na biyu ya fi ban dariya, amma kada ka raina shi. A kundin digirina na rubuta babi guda ina nuna kishin ƙasa kamar zazzaɓi ne da 'yan siyasa da littattafan makaranta ke sa wa talakawa, ni kuwa likita ne da ke tsaye a gefe da farar riga. Ana cikin haka wata rana da la'asar muna kallon ƙwallo a ɗakin ɗalibai, 'yan wasanmu na fili, wani Bature ɗan ajinmu ya yi wata magana a kan 'yan Nijeriya da damfara. Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Ni da nake zagin gwamnatinmu safe da yamma, ni da ban taɓa haddace taken ƙasa ba, sai ga ni ana riƙe ni. Da dai na yi hankali, da na koma na gyara babin nan. Ban gyara ba, na ce ɓacin rai ne kawai. Kai kada ka yi nazarin mutane kana ganin ka fi ƙarfin abin da ke damunsu. Duk abin da ka gani a Bakoriye ko Basine in an taɓa ƙasarsa, ka neme shi a ƙirjinka, yana nan.

Yanzu ga maganar Lambara. Ka san ta, amma daga bakin mata ka ji ta, kuma kana yaro.

Mun tashi ana gaya mana kakanmu na farko ya riƙe tuta a zamanin jihadi, kuma saboda haka aka ba shi fadamar da Yaya Dikko ke noman albasa a cikinta har yau. Da na dawo da ilimin yadda al'ummu ke gina labarin asalinsu, sai na ce bari in gwada awon a gida. Na ɗauki rikoda na bi tsofaffi, musamman wata ƙanwar kakarmu da ke Kajiji wadda shekaru suka cire mata tsoron kowa. Abin da na samu daban ne. Kakan namu Bagobiri ne, majemi, da tsagarsa a fuska. Bayan an gama yaƙi da daɗewa ya zo neman wurin zama, ya auri 'yar wani gida na Fulani, zancen tuta kuwa daga can gidan ya biyo amarya. Na tabbatar da wannan ta bakin mutane da yawa. Na ji daɗi irin na mai bincike, ban kuwa ji kunyar komai ba, don jima sana'a ce ta halal.

Sai aka zo ɗaurin auren Hajo, babbar 'yar Yaya Dikko, wadda ta goya ka a bayanta. Dangin ango manyan 'yan kasuwa ne daga Shagari, sun zo da motoci da manyan riguna. Zaure ya cika, ana raba goro, sanƙira yana ta aikinsa a ƙofa: "Jikokin mai tuta! Gidan da anka ba fadama da takobi!" Yaya Dikko na zaune kusa da liman, sai wani annuri yake yi. Can sai baffan ango, wani Alhaji mai son raha, ya juyo wurina ya ce:

"Dakta, kai da kas san tarihin Sinawa, wanga zance na tuta gaskiya na?"

Kai ma ka san amsar wannan tambaya, yaron goye ma ya san ta. In suruki ya tsokane ka a kan asali ranar biki, cewa ake yi, "Haka munka taras, Alhaji," a yi dariya, a miƙa goro. Ba ƙarya ba ce, don haka ɗin muka taras. Ba don ya ji ya tambaya ba, wasa ne irin na surukai, kamar yadda su ma in mun je nasu za mu taɓa su. Amma ni a ranar ne karo na farko da wani babban mutum ya tambaye ni abin da na sani a gaban jama'a. Sai na gyara zama.

Na ce ai kowace al'umma tana da irin wannan labari. Na ce mutanen Koriya ma suna cewa asalinsu daga wata dabbar daji ne da ta zauna cikin kogo tana cin tafarnuwa har ta rikiɗa ta zama mace. Zaure ya ɗauki dariya, ni kuwa dariyar ta ƙara mini ƙarfi. Na kawo Gobir, na kawo tsaga, na kawo jima, har da sunan tsohuwar da ta gaya mini. Ban lura da lokacin da sanƙira ya yi shiru ba. Sai da wani daga cikin dangin ango ya ce, "Ashe ɗiyar majema munka zo ɗauka," sannan na waiwaya na ga fuskar wana.

An ɗaura aure, an watse. Ya ja ni bayan zaure, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce:

"Lokacin da anka zo neman yaran boko, Baba ni yab ɓoye cikin rumbu, kai yab bayar. Kai ka samu takarda, ni nis samu garma. Mutanen ga sun taho da motoci. Mi ag gare ni da zan aza gabansu in ba kakana ba? Shi ɗai na, kuma ka amshe shi gaban surukaina."

Na fara cewa, "Yaya, ai gaskiya..." Ya ɗaga hannu.

"Daga yau sallama ɗai ta rage tsakaninmu, ita ko don Allah Ya wajabta amsa ta."

Ya kuwa cika. Duk sallah ina zuwa, in yi sallama ya amsa, in zauna in gaji in tashi. Hajo kuma ta daɗe a gidan miji ana kiranta ɗiyar majemi, in ta yi girki a ce yana warin fata. Ba ta taɓa faɗa mini ba, mahaifiyarka ce ta ji a wurin suna.

Kada ka fahimce ni a karkace. Abin da na faɗa gaskiya ne, ban janye ko kalma ɗaya ba, kuma ba ina ce maka ka yi ƙarya a bincikenka don wani ya ji daɗi ba. In ka gano abu, ka rubuta shi yadda yake, ko da malamin da ke duba aikinka bai so ba, ko da masu ba ka tallafin karatu sun ɓata rai. Wurinsa ke nan, takarda da aji da taron masana, inda kowa ya zo da shirin a yi masa gardama. Amma zauren biki ba aji ba ne. Da na sami Yaya Dikko shi kaɗai a bakin fadama na gaya masa, da ya yi faɗa, ya zage ni, bayan kwana biyu ya aiko mini da albasa. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai cewa mutum kan mutu a kan labarin da aka ba shi game da kakanninsa, ko labarin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, amma ban ga hakan a fuskar wanda muka sha nono ɗaya ba. Kuma ba ni na biya kuɗin wannan gaskiya ba, shi da 'yarsa suka biya.

Shi ma yana da nasa laifin, ba zan rufe ba. Mutum ne mai zafin zuciya da riƙo, tun muna yara haka yake. Abin da ya gaya maka kuwa bai kyauta ba. Kana shekarar farko a jami'a ka je yawon sallah, jini na tafasa, ka zauna kana kawo masa hujja a kan ubanka ya yi daidai. Ya ce maka, "Tashi ka bi ubanka, ni ban haihe ka ba." Na san babu maganar da ta fi wannan zafi ga ɗan riƙo, kuma a al'adarmu ba a faɗinta ko da wasa. Na ga yadda ka dawo ranar, ka shige ɗaki ba ka ci abinci ba. Abin da ba ka sani ba shi ne Inna Kulu, matarsa da ta raine ka, ta ce shi ma bai taɓa tuwon sallar ba, yana zaune a zaure har magariba yana kallon hanya.

Ka tuna wane ne shi a wurinka. Ranar da aka yaye ka, shi ya zo ya ɗauke ka a kafaɗa, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, ni ina can wata duniya ina fama da haruffan Japananci. Shi ya kai ka makarantar allo. Shi ya kwana da kai a asibitin Shagari lokacin ƙyanda. Da na dawo ƙasar na zo ganinka, ɓuya ka yi bayan rigarsa kana tambaya, "Baba, wane na wanga baƙo?" Na yi dariya a lokacin, amma abin ya soke ni. Ni na haife ka, ban musa ba, sai dai wahalarka ta farko ba ni na sha ta ba. Faɗan nan nawa ne da wana, mu muka san inda muka faro. Ba gado ba ne, ban ba ka shi ba, kuma ban yarda ka ɗauke shi ka hau jirgi da shi ba.

In ka je, ka sayi goro da ɗan turare. Ka cire takalmi tun daga waje, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun kana yaro. Kada ka ɗauko tarihi, kada ka kare ni, kada ka nemi ya ba ka haƙuri, don ba zai iya ba, bakinsa bai saba ba. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai har ya gama. In ya kira ka jikan mai tuta, ka ce na'am. Sannan ka shiga ciki wurin Inna Kulu, ita kuka za ta yi, ka bar ta ta yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je da kaina don in sanar da shi tafiyarka, tunda bai kamata ya ji a bakin mutanen tasha ba. Bayan an sauko daga masallaci na same shi a zaure, gero ya yi kai a gonakin bayan gida, yana zaune yana jan carbi. Na yi sallama ya amsa. Na ce yaro ya sami gurbin karatu a Koriya, zai tashi mako mai zuwa, zai daɗe. Ya ci gaba da jan carbinsa. Na zauna iya zama, na miƙe na sa takalmi ɗaya. Sai na ji ya ɗaga murya wajen ƙofar cikin gida:

"Kulu! Tambayi baƙon ga, ƙasar da yaron za ya, akwai sanyi?"

Tun ranar auren Hajo ban ji ya yi wata magana da ta shafe ni ba sai wannan. Ban jira Inna Kulu ta maimaita ba, na ce, "Akwai, Yaya. Har ƙanƙara ke zuba kamar gari, ruwa na daskarewa a famfo."

Can ya ce, "Shi da sanyi ka kamawa ga ƙirji tun yana ƙarami." Ya sa ta ɗauko masa sakalarsa, bargon ulun nan mai kauri da ya gada wurin Baba, wanda ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba. Ya shafa shi, ya ninke da hannunsa a hankali, yana lalube saboda ido. Na miƙa hannu in karɓa, sai ya janye ya ajiye gefensa.

"Ba ni aikawa," ya ce, yana kallon bango. "In shina so, shi taho shi ɗauka."

Jiya Inna Kulu ta kira mahaifiyarka a waya. Ta ce bargon na nan a ninke gefen tabarmarsa, ya hana a mayar da shi ɗaki. Da asuba in an yi ruwa sanyi na damunsa, amma ya ƙi lulluɓa da shi, wai kada ya ɓata ninkin. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya tambaya wa ya sauka.

Ban taɓa roƙonka komai ba, yau na roƙe ka. Motocin Shagari masu bi ta Lambara suna lodi tun da hantsi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya buɗa maka ƙirji, Ya ba ka ilimi mai amfani da hankalin riƙe shi. Allah Ya tsare maka sallarka da cikinka a ƙasar da ba a kiran salla, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya ba Yaya Dikko sauƙi, Ya sa hannunsa ya sauka a kanka kafin ka bar ƙasar nan. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka.